Wainar da Aka Mayar wa Yaya

Ni na ce wa Yaya ta yi waina. Har yau in maganar ta taso sai ta ce ƙaddara ce, ni kuwa na san bakina ne ya jawo.

Lokacin ina zaune a Deptford, a wani ɗaki saman shagon wani Alhaji ɗan zangon Kumasi. Karatun da ya kawo ni London ya ƙare, takardar zamana saura wata huɗu, ina sharar ofisoshi a Aldwych. Duk begena yana Montreal, inda yayata take aure. Suna haya a ƙasan gidan wata tsohuwa mai jin Faransanci, wadda ta riƙe Yaya kamar 'yar cikinta. Tsohuwar ta yi alkawarin ba ni ɗakin sama, kuma za ta rubuta takardar cewa ta ɗauke ni aikin kula da ita. Da wannan takarda zan shiga Kanada.

Sai ga maganar ƙuri'a, wai mutanen Quebec, lardin da Montreal take ciki, za su zaɓa ko su fice daga Kanada ko su zauna. A wurinmu in aka ce wani yanki zai ɓalle, yaƙi ake nufi. Ƙanin babanmu ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, mun tashi muna ganin hotonsa a bangon ɗakin kaka.

Washegarin ƙuri'ar na sauko da safe na tarar da Alhaji ya kasa kunne ga rediyo. Masu son zama sun ci, amma da ƙyar da jiɓin goshi. Ya ɗago ya ce da irin Hausarsu ta zango, "Hajiya, Allah ya taimake ka, ƙasan yayanka bai fashe ba." A bas kuwa mutane sun kalli labarin a jarida sun juya shafi, babu wanda ya dame su. Shugabanmu a wurin shara ne kaɗai, wani ɗan Scotland, inda su ma ake da masu son ɓallewa daga Birtaniya, ya yini fuska a murtuke yana cewa saura ƙiris bayin Allah su samu ƙasarsu. Na galla masa harara na ci gaba da goge tebur. Da na tsaya na saurare shi, da na gane cewa akwai waɗanda ranar ta zame musu ranar makoki.

Da na tashi aiki na sayi katin waya na kira Yaya. Ta ce unguwarsu tsit, kamar an yi mutuwa, tsohuwar ko labule ba ta ɗaga ba. Ta ce jagoran masu son ficewa ya fito a talabijin ya ɗora laifin a kan masu kuɗi da baƙi irinsu. Ni da ba na rasa ta cewa, na hau ta da wa'azi.

"Yaya, Allah ya kare ku daga yaƙi, ki yi sadaka mana. Ki yi waina ki raba wa maƙwabta, ki fara da tsohuwar."

Ta ce tana ganin a ɗan bari ƙura ta lafa. Na ce sadaka ba ta da jam'iyya, haka Inna take yi duk lokacin da aka tsallake wata masifa. Na ambaci Inna ne don na san Yaya ba za ta ƙara musu ba.

Ta yi wainar, ta zuba zuma, ta jera a kwanonta na aure ta kai. Tsohuwar ta buɗe ƙofa, ta karɓa, ta tambayi bikin me ake yi. Yaya ta haɗa ɗan Faransancinta ta ce godiya ce ga Allah da ƙasa ba ta rabu ba. Tsohuwar ta tura ƙofa a hankali. Da safe Yaya ta tarar da kwanon a bakin ƙofarta, a rufe, ko ɗaya ba a taɓa ba. Daga baya ta ji cewa mijin tsohuwar ya mutu yana jiran ranar da Quebec za ta fice, ita kuma ta je rumfar zaɓe da hotonsa a jaka.

Ba ta kore su ba, ba ta kuma daina amsa gaisuwa ba. Maganar takarda ce kawai ba ta sake tasowa ba. Ni ina nan Deptford, teku tsakaninmu, ba ni da abin yi sai sayen katin waya. Na rubuta wasiƙar ban haƙuri da Turanci, Yaya ta ƙi kaiwa, ta ce harshen ma wani sabon laifi ne. Na ji haushin tsohuwar, na ji haushin Yaya, amma wanda na ji na kaina ya fi.

Saura mako biyu takardata ta ƙare, jakunkunana a ɗaure, na sake kira daga akwatin wayar da ke kusa da kasuwa.

"Yaya, kin sake yi mata maganar?"

"An ba wani ɗalibi ɗakin," in ji ta. "Yanzu haka ina jin takunsa a kaina."

Sai na tambaye ta yadda ta yi da wainar. Ta ce ai ba a zubar da sadaka. Kwana uku ita da maigidanta suna ci.