Rufin Saudat, Ciki ko Waje

Da asuba, kafin ta hura wutar ƙosai, Saudat takan kwashe robobin da ta jera a tsakar ɗaki ta zubar da ruwan da suka tara. Haka take yi kowace damina tun da mijinta ya rasu, ta baro Gurbin Bore ta kama haya a gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi a Ƙaura Namoda. Daga 'ya'yanta sai tunkiya guda, iyakar abin da ta taho da shi ke nan.

Dokar gidajen gajera ce: abin da ya lalace a ciki mai haya zai gyara, na waje kuwa hukuma. Sai ta je wurin Kamaluddeen, mai kula da gidajen, ta ce masa rufi ya ruɓe.

"Gwaggo, ruwan nan ina yake zuba?"

"Bisa katihwata."

"To katifa waje take? Ciki ne, gyaranki ne."

"Malam, daga sama hwa yake zuwa."

"Sama kuwa ba ta hukuma ba ce," ya ce, yana dariya.

Ba ta sake komawa ba. Ta ja tunkiyar, mai tsohon ciki, zuwa kasuwa ta sayar, ta sayo kwano da katako da ƙusa, kafinta ya hau. Yaranta suka fara kwana ba a tashe su a janye tabarma ba.

Duk layin, ɗakinta kaɗai ba ya yoyo, labari kuwa ya kai ofis. Damina ba ta ƙare ba Kamaluddeen ya zo ya ce an sake rabo. Ɗakin an ba wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, ita za ta koma na ƙarshen layi, wanda kowa ya ƙi.

"To in cire kwanona."

"Subhanallahi, Gwaggo! Rufi ai waje ne, kayan hukuma."

"Da yana yoyo ka ce ciki ne."

"Yanzu yana yoyo?"

Ba ta zage shi ba, ta san zagi ba zai maido mata tunkiya ba.

Ranar tashi, hadari ya haɗu a gabas. Maƙwabta suna ganinta ta ƙofa, ta shiga sabon ɗakin ta ɗaga kai tana duba inda haske ke shigowa. Tun ba ta kwance tabarma ba, ta bi kowace huda ta ajiye mata roba a ƙasa.