Darasi na Bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba, da hantsi, ina tsakiyar awon yara aka kira ni daga Tibiri aka ce Allah Ya yi wa Yaya Balkisu rasuwa, bayan jinyar kwana shida. Shekara ashirin da biyu ta yi tana duba marasa lafiya, takwas daga ciki muna ɗaki guda a ƙaramin asibitinmu na Maraɗi.

Yaya, kowa ya faɗi alherinki. Ni Tsahara akwai abin da kika rufa mini asiri a kansa har kika koma ga Allah, yau da bakina zan tona shi.

Bara aka sa mu horo ta waya kan gane tamowa da maganinta, darasi goma sha biyu. Mu 'yan zamani muka gano dabara: a kunna bidiyo, a jefa wayar cikin aljihu ta yi ta surutunta har ta nuna an gama. Amsoshin jarrabawa kuwa suna yawo a tsakaninmu. Cikin kwana huɗu na karɓi takardar shaida. Ke wata biyu kina fama, tabarau a karan hanci, kina farautar rezo, wato sabis ɗin waya, a gindin itacen bedi, kina juya Faransancin zuwa Hausa a littafinki. Har tsiya muke miki, wai sai kin yi ritaya za ki gama.

Wata safiya da damina, Mariyam, mai kawo zogale kasuwa daga Jiratawa, ta shigo da ɗanta Maliki, ɗan shekara biyu. Kumatu sun cika, ƙafafu ɓul-ɓul. Na ɗaura masa ma'aunin dantse ya faɗa kore, alamar lafiya, sikeli ma bai nuna komai ba. Uwar ta ce ba ya cin abinci, sai kuka. Na ce haƙori ne, har na yi mata barka da ƙibar ɗanta, na sallame su.

Bayan azahar nake ba ki labarin ina dariya. Kika ajiye cokali.

"Kin latsa ƙafatai?"

Na ce ban latsa ba.

"Darasi na bakwai, Tsahara. Akwai tamowar da ke kumbura yaro. In ita ce, ruwa kinka auna, ba nama ba."

Ban karɓi lambar waya ba, sunan mijinta ma ban tambaya ba. Ba ki tsaya faɗa ba, kika ja mayafi kika tare mana kabu-kabu biyu, ga hadari ya haɗo. Muka bi lambunan Jiratawa cikin taɓo muna tambayar Mariyam mai zogale, ashe sun fi a ƙirga. Gida uku muka shiga ba ita ba. Duk gidan da muka fito sai in yi ta ayyana yaron da na yi wa barka ba zai ga safiya ba.

Gab da magariba muka same su. Maliki ya daina ko kukan. Ba ki latsa da kanki ba. Kika kama manyan yatsuna biyu kika ɗora a bayan ƙafafunsa, kika ce in ƙirga uku. Na ɗaga, rami ya tsaya a kowace ƙafa kamar an danna malmalar tuwo.

Uban yaron, Malam Sha'ibu, ya tsaya a bakin ƙofa ransa a ɓace. "Da safe an ce lafiya lau. Wane ne ya faɗi haka?"

Kika ce, "Mu munka yi kuskure, Malam, mu munka taho gyarawa. Ka ba mu shi yanzu."

Kwana tara ya yi a babban asibiti ana ba shi madarar magani kaɗan-kaɗan. Da kumburin ya saɓe sai ga ainihin Maliki, fata da ƙashi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ba ki kai ni gaban kowa ba, amma sai da kika zaunar da ni a gindin bedin nan na kalli darasi goma sha biyun, ɗaya bayan ɗaya, wayar tana hannunki.

Ranar addu'ar uku a Tibiri, Mariyam ta zo gaisuwa. Maliki ya sauka da gudu ya faɗo cinyata. Ban san lokacin da yatsana ya kai bayan ƙafarsa ba. Na ƙirga uku, na ɗaga, naman ya dawo nan take. A nan ne kukan da na riƙe kwana uku ya ƙwace mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Idirisa, da 'ya'yanki, da dangi na Tibiri da Maraɗi, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Yaya Balkisu, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika rufa mini asiri a ƙofar Malam Sha'ibu, Allah Ya rufa miki naki ranar da babu mai tsaya wa wani. Amin.