Ranar Da Na Ɗauko Mista Kolin Zuwa Filin Jirgi

Unguwar Mahjar, Jidda, huɗu da rabi na asuba

Na fito da motar kamfani, iƙamata, wato katin izinin zamana, a aljihu, wata biyu da mutuwarta. Kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, kullum sai ya ce gobe zai sabunta. Aikina na ranar ɗaya ne: in kai Mista Kolin filin jirgi. Injiniya ne ɗan Ingila, shekara uku ina tuƙa shi, yanzu kwangilarsa ta ƙare.

Unguwar Safa, biyar da rabi

Na yi salla a hanya, na same shi a ƙofar bene da akwati biyu. Yana shiga ya ce duk zamansa a Jidda Larabcin da ya iya bai wuce yalla da halas ba, aku ma ya fi shi ƙoƙari. Haka yake, kansa yake fara yi wa ba'a. Ya ce ɗokin wasan ƙauyensu yake: a gangaro da curin cuku daga kan tudu, ƙarti su bi shi a guje suna tuntsurawa. Kawunsa ya karye sau biyu, bai taɓa kama cukun ba, kuma da shi dangi suke alfahari. Na yi dariya har na kusa wuce kwanarmu.

Shingen bincike, shida saura kwata

Saura kamar kilomita biyar mu isa filin jirgi muka tarar da shinge. Wani jami'i ya buɗe fasfon Mista Kolin. Mista Kolin ya ce a yi haƙuri da hoton, a ƙasarsu ana gasar munana fuska, shi an hana shi shiga don ba a son ƙwararru. Na fassara. Jami'in ya ƙyalƙyale, ya miƙa masa abinsa. Da ya karɓi iƙamata sai fuskarsa ta sauya. Na ce bari ni ma in gwada.

"Ranka ya daɗe, ni jaki ne, ban iya karanta kwanan wata ba."

"Na sani," in ji shi. "Sauko."

Mista Kolin ya roƙa, ya kira kamfani ba a ɗauka ba, yana ta duban agogo. Ni na ce masa ya tafi kada jirgi ya bar shi. Ya ba ni haƙuri ya fi sau biyar, ya shiga tasi.

Ofishinsu, har la'asar

A benci na wuni da wasu 'yan Nijar biyu. Kafilina ya zo ya sa hannu aka sake ni. A bakin ƙofa ya karɓe makullin motar, ya ce in nemi wani aikin.

Mahjar, magariba

Wani ɗan Zinder mai ɗaukar kaya ya rage min hanya. Hajara, matata, ta kawo ruwa, ta tambayi abin da na faɗa musu da suka tsare ni. Na ce ban ce komai ba. Na gode wa Allah da ya sa na kwana cikin 'ya'yana.