Takwas Bisa Goma

Yayata ta shekara goma sha tara tana koyarwa a makarantar nan ta bayan tashar mota, inda ake kai yaran da sauran makarantun sakandare suka gaji da su: wanda aka kora, wadda ta haihu, wanda ya shekara biyu bai riƙe biro ba. Ajujuwa uku ne, da fanka ɗaya mai ƙara. Yaran suna kiranta Ba-a-kora, don abin da take fara gaya wa duk sabon zuwa ke nan. Ba ta da fara'a, kada in yi mata ƙarya, amma da kallo ɗaya take gane wanda ya zo bai karya ba.

Babu abin da ke ƙona mata rai kamar ɗaliban jami'a. Kowane zango sai a turo sababbi su riƙa zuwa duk ranar Laraba, da riguna iri ɗaya da murmushi har kunne, wai sun zo su zama yayyen yaran. Su yi mako goma, su ɗauki hoto, jarrabawarsu ta zo, sai ka neme su ka rasa.

Bara akwai wata yarinya, Doguwa, 'yar shekara goma sha bakwai, makarantu biyu sun kore ta kan faɗa. Magana sai an yi da gaske take fitowa daga bakinta. Wata ɗalibar jami'a mai tabarau ta shawo kanta, ta ce ta rubuto mata wasiƙa kan rayuwarta, za ta ba da amsa. Doguwa ta cika shafi huɗu. Har rasuwar mahaifinta ta rubuta, abin da ko yayata ba ta taɓa ji daga gare ta ba.

Laraba uku, ba Mai Tabarau, ba amsa.

"Malama, ta aiko?" in ji Doguwa.

"Tukuna dai."

Doguwa ta fara fashin zuwa. Yayata ta san in ta tafi wannan karon, babu makarantar da za ta sake karɓarta. Sai ta niƙi gari ta nufi jami'ar. Aka yi ta wasan ƙwallo da ita daga ofis zuwa ofis, har ta samo wasiƙar cikin kwali a ƙarƙashin teburin wani malami, an haɗa ta da rahoton Mai Tabarau.

"Ai sun gama kwas ɗin, Malama," in ji shi. "Ɗalibar tamu ma ta yi ƙoƙari."

Zuciya ta ɗebi yayata, ta fizge wasiƙar ta fito ba ta duba bayanta ba. Washegari ta miƙa wa Doguwa. Yarinyar ta yi ta juya shafi tana neman amsa. A bayan na huɗu ta ga jan biro: takwas bisa goma.

"Malama, wannan makin nawa ne ko nata?"

Yayata ba ta iya ƙarya ba. "Nata ne."

"Ashe ni aikin gida ce."

Ta ninke takardar ta fita. Sau biyar yayata tana zuwa gidansu, mahaifiyar tana cewa ba ta nan.

Bana, da sababbin ɗaliban jami'a suka zo, a ƙofa ta tare su da takardu.

"Kowa ya rubuta mini labarin tasa rayuwar tukuna, shafi huɗu, da lambar waya. Ni zan ajiye."

Cikin goma sha biyu, uku suka rubuta. Sauran suka kai ƙararta, wai ba ta ba da haɗin kai. Ni kam haushi ya ishe ni, na ce ta ajiye aikin ta huta, ta ce in yi mata shiru.

Har yau kowace safiya tana kiran sunan Doguwa a rajista, ta ɗan jira, sannan ta wuce na gaba.