Mariƙin Haure na Yaya Lorene

Delbert Kasko ya yi rayuwarsa kaf a garin Dillon na jihar Montana, in ban da 'yan shekarun da ya yi a soja. Da ya dawo ya shiga aikin tsaga katako. Da masana'antar ta rufe sai ya koma rumfar bayan gidansa, ya kama sana'ar da aka san shi da ita har tsufa, wato sassaƙa mariƙin ƙananan bindigogi. Mutum zai kawo bindigarsa, Delbert ya kwance mariƙin roba da ta zo da shi, ya yi masa wani da ƙahon ragon dutse, ko ƙashin raƙumin dawa, ko icen hamada mai taurin ƙarfe. Kafin ya taɓa magagari sai ya miƙa wa mai bindigar curin yumɓu ya ce ya damƙe. Shatin yatsun nan yake bi har ya gama.

Bai taɓa aure ba. Danginsa na kusa ɗaya ne, yayarsa Lorene, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mace ce mai baki, gwanar hawan doki, kuma ba a yin gasar harbi a kan doki a yankin ba tare da ita ba. Mijinta ya yi aikin haƙar zinariya a Alaska. A daminarsa ta ƙarshe a can ya tono guntun hauren giwar zamanin da, mai gashin nan da ta ƙare a duniya, daga cikin daskararriyar ƙasa. Bayan ya rasu Lorene ta kawo hauren rumfar ƙanenta, ta dire shi a kan teburi.

"Auta, ga aiki. Ka yi wa bindigata riga da wannan."

Delbert ya ɗauka, ya sansana, ya kara a kumatunsa. "Yaya, wannan ɗanye ne. Damshin ƙasa na cikinsa. In na yanka yanzu darewa zai yi."

"Abin da ya shekara dubbai a kwance shi ne ɗanye? To kai fa, yaushe za ka nuna?"

Ya miƙa mata yumɓu. Ta damƙe shi da hannun da ya saba da linzami, har ya tsattso ta tsakanin yatsunta. Sannan ya toshe bakunan hauren da kakin zuma, ya naɗe shi da tsumma, ya kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa don ya bushe a hankali.

Irin wannan haure yana son shekaru, kowa a sana'ar ya sani. Amma shekarun suka cika, suka wuce, Delbert bai yanka ba. Yakan sauka ya warware tsumman, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ji ƙarar da ke nuna ya bushe, ya sake naɗewa. Ƙaho in ya lalace akwai wani. Wannan kuwa guda ɗaya ne, kuma wanda ya tono shi yana kabari. Duk ranar Lahadi, in ta fito daga coci, Lorene takan biyo da gasasshen nama da tsiyarta.

"Ka yi wa mai faci, ka yi wa likitan shanu, har surukin fasto da ko bango bai iya samu da harsashi ba ka yi masa. Ni sai na mutu?"

"Bai yi ba tukuna, Yaya."

"Hauren ne bai yi ba, ko mai yankan?"

Wata rana da kaka, Lorene ta zo ba nama, ba tsiya. Ta zauna a kan kujerar rumfar, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce ciwon daji ne. "Likita ya ce kada in wahalar da kaina da sayen ciyawar doki ta baɗi. Ka gane ko sai na yi maka dalla-dalla?"

A ranar ya yanka. Hauren bai dare ba. Cikinsa fari kamar madara, bayansa kuwa ruwan ƙasa da wani shuɗi-shuɗi da ƙasa ta rina, irin wanda masu sana'ar ke nema ido rufe. Ya sauko da curin yumɓun Lorene, ya share ƙura, ya bi shatinsa gaba da gaba, yana lallaɓawa don launin bayan ya tsira. Duk Lahadin da ya je gaishe ta fuskarta yake kallo. Bai kalli hannunta ba, domin a ganinsa hannunta na can rumfa a kan teburi.

Da dusar ƙanƙara ta fara sauka ya kai mata. A lokacin ta koma kwanciya, wata ma'aikaciyar jinya na zuwa duba ta. Ya tabbatar ba harsashi, ya ɗora mata bindigar a tafi. Yatsunta ba su zagaye mariƙin ba.

"Auta, wa ka yi wa wannan? Ɗan dambe?"

Sai a lokacin ya duba. Hannun ya zama ƙashi da fata, zoben aurenta na yawo a yatsa. Ya ɗauko sabon yumɓu daga mota. Ta matsa iyakar ƙarfinta, da ƙyar ta bar alama.

Ya koma rumfa ya kankare. Shuɗin nan da ya yi ta tattali ya bi magagari ya zube ƙasa. Da ya dawo, hannun ya ƙara ramewa. Ya sake komawa. Yana rage haure, ciwo na rage Lorene, kuma ciwon ya fi shi sauri. Daga ƙarshe ɓari biyun mariƙin suka yi sirantar da in ya ɗaga su a taga haske na ratsawa.

Zuwansa na ƙarshe da aikin, mariƙin ya zauna a tafinta daidai, yatsu suka haɗu. Ta yi murmushi, ta yunƙura za ta ɗaga. Bindigar ba ta rabu da bargo ba. Ta sake gwadawa, sannan ta saki.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Ƙarfen ne ya yi ƙiba."

Delbert ya zaro abin kwance noti daga aljihun rigarsa. Ya raba hauren da ƙarfen, ya haɗa ɓarin biyu, ya sa mata a hannu, ya rufe yatsunta a kai. Wannan ta iya ɗagawa. Ta kai shi kumatunta ta daɗe a haka.

"Ka yi jinkiri, Auta."

"Na sani, Yaya."

Ba ta ga wata Lahadin ba. Da ma'aikaciyar jinyar ta tambaye shi ko a cire abin da ke hannunta, ya ce a bar mata. Bindigar ya tafi da ita gida ba mariƙi. Ya ƙara shekaru yana yi wa mutane aiki a rumfarsa, amma bindigar nan bai yi mata wani mariƙin ba.