Ranar da Alhaji Ya Amsa a Madadina

Faci nake yi a bakin titi a Unguwar Kanawa. Ban taɓa shiga aji ba. Wannan ma faɗa nake yi ana rubuta mini.

Matata tana da hawan jini da ciwon suga, ni nake ba ta magani. Da launi nake gane kwalayen. Duk sanda kemis ya canza kamfani, launi ya canza, sai in tsaya da kwali a hannu ina jiran mai karanta mini. Ba ni da wani buri da ya wuce in karanta kwalin nan da idona.

Wata shekara aka ce masu bincike za su zo su gwada manya, karatu da lissafi, a kwatanta mu da wasu ƙasashe. A majalisa aka ce unguwar da ta fi rashin karatu ita za a buɗe wa ajin manya. Ban san wanda ya fara faɗa ba. Na yarda.

Ƙuri'a suke yi. Ta faɗa gidanmu, ta faɗa kaina. Wata mace ce ta zo da na'ura a hannu. Na wanke hannuna da kananzir, na sa riga mai tsabta.

Mai gidan da nake haya ya fito. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi aiki a unguwar Doka, nan cikin Kaduna, har ya yi ritaya.

"Wa kike nema, 'yata?"

"Mai facin nan, Baba."

"Shi? Ai da babban yatsa yake sa hannu. Zauna, ni zan amsa."

"Baba, ƙa'ida ita ce wanda ƙuri'a ta faɗa wa."

"Abin da za a kai ƙasashen waje? In an yi baƙo ai ba a fito masa da fasasshen kwano."

Na ce, "Alhaji, ni aka kira."

Ya ce, "Rufa maka asiri nake yi, kai ba ka gani. Je ka, ga mai babur can yana jiranka."

Ba mugunta yake nufi ba. Shi ya taɓa kai matata asibiti a motarsa. Ba a musu da irinsa a gaban baƙo. Matar ta dube ni, ta dubi rana. Ta gaji, ga sauran gidaje. Ta zauna.

Ina cire taya ina jin su daga zaure. Ta nuna masa hoton kwalin magani, ta ce sau nawa ake sha a rana. Ya amsa yana dariya.

Daga baya na ji haka aka yi a layin. Wani tsohon hedimasta ya amsa wa mahauci. Wata nas ta amsa wa surukarta. Kowa ya ji daɗi.

Aji bai zo ba. Ko amsar Alhaji ce ta hana, ko dama ba za a kawo ba, ban sani ba. Ba wanda ya dawo ya faɗa mana. Har yau Alhaji yana ba da labari a majalisa, wai mun fitar da Kaduna kunya. A can wata ƙasa an rubuta cewa mutumin gidanmu ya iya karatu.

Makon jiya kemis ya sake canza kamfani. Kwalayen duka farare ne yanzu. Na ɗaura wa ɗaya robar tib ɗin taya don in bambanta su. Matata ta ce, "In robar ta cire fa?"

Na ƙara ɗaure robar.