Leocadia Mai Goge Azurfa

Leocadia ta taso ne a rumfar abincin gwaggonta a kasuwar garin Taxco, kullum hannunta cikin albasa da ƙwai. Tana shekara ashirin da biyu ta sai wa kanta zoben azurfa a wurin Casimiro, wani maƙeri da ke can saman tudu. Ko wata biyu zoben bai yi a yatsanta ba ya koma baƙi ƙirin.

Ta haye tudun nan tana haki, ta dangwarar masa da shi a kan tebur.

"Malam, ni za ka sayar wa gwangwani? Ka ga na yi maka kama da baƙuwa?"

Casimiro ya juya zoben, ya dubi hannunta. "Baiwar Allah, girki kike yi ko?"

"Ina ruwanka?"

"Ƙwai da albasa akwai farar wuta a cikinsu. Ita ce in ta taɓa azurfa sai ta baƙanta ta. Da tagulla na ba ki, ai da yatsanki ne ya yi kore."

Ya shafa garin alli a ƙyalle, ya murza, sai ga zobe yana walƙiya. Kunya ta kama ta, amma ta dake.

"To, sai in bar sana'ata saboda zobenka?"

"Wane ni! Ki riƙa kawowa ina gogewa."

Ta kuwa riƙa kawowa. Gwaggo ce ta fara lura cewa zoben ko dushewa ba ya yi ake hawa tudu da shi. Bayan damina biyu aka ɗaura musu aure a coci.

Leocadia ta bar girki ta kama gugar azurfa. A makonta na farko ta tarar da awarwaro goma sha biyu, zanensu duk ya yi baƙi, ta zauna ta goge su tas. Casimiro na shigowa ya dafe kai.

"Wayyo Leo! Da gangan na baƙanta su don zanen ya fito!"

Ta yi kuka, shi kuma ya yi dariya har da riƙe ciki. Kwana uku suka yi suna gyarawa tare.

Yanzu ta haura sittin, kuma da ganin sarƙa take gane mai yawan gumi, da mai fesa turare a wuya, da wadda ta shiga maɓuɓɓugar ruwan zafi ba ta cire ba. Hannun Casimiro ya soma rawa saboda tsufa, 'yarsu Ofelia ce ke riƙe da guduma. Shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana gyara wa kowa aiki da baki.

Ranar Alhamis da azahar ita da Casimiro sukan rufe maƙera, su gangara cin pozole, romon masara da nama. Gangarowa ba wuya. A dawowa ne sukan tsaya hutawa sau uku, kowa na cewa don ɗan'uwansa ya tsaya.